Jinyar Baba Masta a Ruwais

Ni ma'aikacin jinya ne, mutumin Funtuwa, sunana Sabi'u. Abin da ya kai ni Jidda takardar kwantiragi ce da wani ejan ya sa na rattaba wa hannu a Kano, wadda ta ce zan yi aiki a babban asibiti. Tun a filin jirgi jikina ya fara sanyi. Mutumin da kamfanin ya turo ya tarbe ni bai ko amsa sallamata ba, hannu kawai ya miƙo. Na ba shi fasfona, ina zaton dubawa zai yi. Ya jefa shi aljihun jallabiyarsa ya ce, "Yalla," wato mu tafi.

A Balad aka sauke ni, tsohuwar unguwar nan mai gidajen dutsen teku da tagogin katako. Ɗaki ɗaya ne cike da gadajen ƙarfe, wani kan wani, ga na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani ba sanyin. Washegari a ofis manajan ya gaya mini, yana danna waya, cewa asibitin "bai shirya ba". Da iƙamata ta fito, wato katin izinin zama, sai na ga an rubuta ni a matsayin ma'aikacin gida. Na tsaya riƙe da katin, bakina a buɗe. Karatun da na yi, da shekarun da na kwashe a ɗakin marasa lafiya, duk an share su da kalma biyu.

Wani direba ɗan Nijar ne ya ga halin da nake ciki ya kai ni unguwar Sa'alaba, gidan wata Hajiya Batula, Bahaushiyar Sudan da ke sayar da abinci a zaurenta. Rabona da tuwo tun gida. Da ta ajiye mini tuwon shinkafa da miyar kuka, na yi loma ɗaya, sai matata Hadiza da 'yarmu suka faɗo mini a rai, na tsame hannuna daga kwanon. Hajiya ta yi kamar ba ta gani ba, ta ƙaro mini man shanu.

"Ya waladi, ci abincinka," in ji ta. "Nan ƙasar kafili, wanda ya ɗauko ka aiki, shi ne uwa, shi ne uba. Duk aikin da ya ba ka, ka karɓa tukuna. Mai rigima da kafili a Tarhil yake ƙarewa, gidan korar baƙi, a tsare shi sannan a sa shi jirgi. Halas."

Aikin da aka ba ni a unguwar Ruwais yake, kusa da teku, a gidan wani Ba'indiye mai suna Imran da ke aiki a tashar jiragen ruwa. Mahaifinsa zan yi jinya, tsoho da ya haura tamanin, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Malamin tarihi ne a wata makaranta a yankin Bengal har ya yi ritaya, shi ya sa kowa ke ce masa Masta. Ni kuwa na ƙara masa da Baba. Ɗan siriri ne, fari fat da furfura, idanunsa kamar za su huda mutum. Da Turanci muke magana, sai ɗan Larabcin da kowannenmu ya tsinta.

Ranar farko, don in faranta masa rai, na ce, "Baba, ai mu a ƙasar Hausa mun san Indiya sarai. Da finafinanku muka girma. Ƙasar furanni da waƙa da ruwan sama."

Ya ƙura mini ido, sannan ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ɗana, wannan Indiyar ni ma a majigi na gan ta," ya ce. "Zauna. Kai ka gyara mini hannu, ni kuma in gyara maka kai."

Haka muka faro. Kullum da safe, bayan na yi masa wanka, ina tausa masa hannu da ƙafa, shi kuma yana ba ni darasi, kamar dai bai taɓa barin aji ba. Daga can farko ya ɗauko. Ya ce dubban shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, a bakin wani babban kogi, mutanen ƙasarsu sun gina birane da gasasshen tubali, tituna a miƙe, gidaje da wurin wanka, ga magudanun ruwa a rufe ƙarƙashin ƙasa. Na tuna kwatar unguwarmu, na ce ko dai zolayata yake yi. Ya ce har rubutu sun bari, amma har yau babu mahalukin da ya iya karanta shi, kuma ba a da tabbacin abin da ya sa biranen suka mutu. Ya ba ni labarin wani sarki da ya ci yaƙi, ya fita kallon gawarwakin da ya jawo, abin ya dame shi har ya yi rantsuwa ba zai sake kai hari ba, ya sa aka sassaƙa nadamarsa a jikin duwatsu. Ya ce lambobin da muke ƙirga da su, har da sifiri, daga wurinsu Larabawa suka karɓa. Ban yarda ba sai da na tambayi mai kantin ƙasan gidan, ya ce ai su da kansu "lambobin Hindu" suke ce musu.

Ba duka ne mai daɗin ji ba. Ranar da ya bayyana mini yadda aka karkasa mutane tun daga haihuwa, har akwai waɗanda a da ko inuwarsu ba a so ta taɓa na sama da su, ba sa ɗiban ruwa a rijiyar gari, sai na saki hannunsa.

"Baba, inuwa fa? Inuwar mutum?"

"Inuwa. Kuma kada ka ɗauka mu Musulmi mun tsira. Mu ma mun kwaikwaya, muna da manya da ƙanana a cikinmu. Ci gaba da tausar."

Da la'asar nakan tura shi a keken guragu mu nufi bakin teku, ranar da Imran ya sami sarari kuma ya kai mu Balad a mota. A can yakan sa in tsaya gaban tsofaffin gidaje, ya nuna katakon tagoginsu ya ce irinsa jiragen ruwa suka riƙa kawowa daga gabas, tare da yadi da yaji da alhazai. A irin wannan yawon ya ba ni labarin sarakunan Musulmi da suka mulki ƙasar, da baƙaƙen fata da aka kai daga Afirka a matsayin bayi, wasunsu suka zama sarakunan yaƙi, jikokinsu na nan har yanzu. A nan kuma ya kawo ni kan Turawa.

"Ba da yaƙi suka fara zuwa ba," ya ce. "'Yan kasuwa ne, kamfani guda. Sun roƙi wurin ajiye kaya. Sannan suka ɗauki masu gadi. Masu gadin suka zama runduna. Kafin a farga, kamfani ke karɓar haraji, kamfani ke naɗa sarki."

"Kamfani? Ya ci ƙasa sukutum?"

"Ya ci, da sojojin da ya ɗauka daga cikinmu."

Ya ce da waɗannan sojojin suka yi bore daga baya, waɗanda aka kama wasunsu a bakin igwa aka ɗaure su aka harba. Ya ce akwai ranar da jama'a suka taru a wani fili mai katanga, soja suka tare ƙofa suka buɗe wuta, mutane suka yi ta faɗawa rijiya don gudun harsashi. Sannan ya faɗi yadda aka riƙa zuwa ƙauyuka ana yaudarar talakawa da alkawarin aiki mai sauƙi, su dangwala yatsa a takardar da ba su iya karantawa ba, a kwashe su a jirgin ruwa zuwa gonakin rake a tsibirai masu nisa. Ƙanen kakansa haka ya tafi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Da ya zo nan sai ya waiwayo ya dube ni.

"Kai ina fasfonka?"

Na ci gaba da tura keken. Bai sake tambaya ba.

Sashen da ya fi so shi ne na neman 'yanci. Muryarsa har canzawa take yi. Ya ce Turawa sun hana talaka ko da tara gishiri daga bakin tekun ƙasarsa, sai ya saya ya biya haraji. Wani tsoho yafe da zane ɗaya ya ja mutane a ƙafa har teku, ya sunkuya ya ɗauki gishiri, ƙasa ta ɗauka. 'Yan sanda suna dukan mutane da kulki, suna faɗuwa jina-jina, na baya suna matsowa, babu mai ɗaga hannu ya rama. Mahaifin Baba ma ya sha ɗauri a irin wannan gwagwarmaya. Na ce ni kam ban ga yadda za a dake ni in tsaya ba. Ya ce ai tsayawar ita ce yaƙin.

Wata rana ina gyaran gadonsa sai na ji wari. Na bi sawun warin har cikin rigar matashin kansa, na tarar da dafaffiyar shinkafa ƙulle-ƙulle a cikin takardar goge hannu, wata ta yi funfuna. Na duba aljihun keken, nan ma akwai. Na tattara duka na zuba a kwandon shara a gabansa, ina cewa, "Baba, wannan ai cuta ce."

Ban taɓa jin ƙara irin wadda tsohon nan ya yi ba. Ya yunƙuro har ya kusa faɗowa daga keken, da na tare shi sai ya kwaɗa mini mari da hannunsa mai lafiya. Yana ihu da yarensu, hawaye na zuba. Na tsaya riƙe da kunci. Ni da ke da mata da 'ya, a mare ni a kan ruɓaɓɓiyar shinkafa? Na fita baranda zuciyata na tafasa, na ce gobe ba zan dawo ba.

Na dawo, don ba ni da wurin zuwa. Na same shi ya ƙi kallona. Sai da na gama yi masa wanka ya ce, "Ɗana, ka yafe mini. Akwai darasin da na tsallake."

Ya ce lokacin yaƙin duniya na biyu yana ɗan ƙarami a ƙauyensu na bakin ruwa. Don tsoron abokan gaba, hukuma ta ƙwace kwale-kwalen mutane, shinkafa kuma aka riƙa kwashe ta ana kai wa birni da soja, 'yan kasuwa suka ɓoye saura. Mahaifinsa yana kurkuku. Da suka cinye irin shuka da ganyen da ke ciyuwa, mahaifiyarsu ta ja su, shi da yayarsa Rahima, suka bi ayarin masu tafiya birnin Kalkata a ƙafa. Gefen hanya gawarwaki ne, karnuka da ungulaye ba sa ma jiran mutum ya gama cikawa.

"A birni akwai abinci," ya ce. "Kantuna a buɗe, ana shiga gidajen cin abinci ana fita. Mu kuma muna kwance a bakin titi. Mata ba shinkafa suke roƙo ba, sun san ba za a ba su ba. Ruwan da aka tace daga shinkafa suke roƙo, wanda ake zubarwa a kwata."

Sannan ya ce wata safiya wani mutum ya zo ya yi magana da mahaifiyarsu. Rahima ta tafi da shi, tana waiwaye. Mahaifiyar ta dawo da shinkafa a gefen zanenta, ta dafa a gwangwani, ta ba shi. Ita ba ta taɓa ba.

"Na cinye tas. Sai da na girma na gane abin da na ci. Na nemi Rahima har na gaji."

Na zauna a ƙasa. Na sha ganin mutuwa a asibiti, amma ban taɓa jin abin da ya girgiza ni haka ba. Ya ƙara da cewa 'yancin da aka sha wuya a kansa ya zo bayan 'yan shekaru, ya ga an ɗaga tuta, amma tare da tutar aka tsaga ƙasar biyu, maƙwabta da suka yi zanga-zanga kafaɗa da kafaɗa suka koma yanka juna. Daga ranar na daina zubar masa da komai a gabansa. Na samo ɗan kwano mai murfi, duk abin da ya rage mu sa a firiji, ya gani da idonsa.

Labaran nan sun shiga jikina fiye da yadda na zata. Na shirya na je ofishin kamfanin, na tsaya gaban manajan cikin ladabi na ce ina son fasfona, kuma ina son aikin da aka rubuta mini. Ya yi murmushi ya ce, "Bukra, in sha Allah," wato sai gobe. Ba a jima ba saƙo ya shigo wayata: kafilina ya kai rahoton cewa na gudu daga aiki. Hurub suke ce masa. Ni da kullum nake gidan da su suka tura ni! Daga wannan lokacin duk ɗan sandan da ya duba iƙamata zai iya kama ni.

Da na nuna wa Imran, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Sabi'u, ka yi haƙuri. In aka same ka a gidana, ni ma na shiga uku, aikina da iyalina duk a nan suke. Ka tafi yanzu." Bai bari na yi sallama da Baba ba.

Sa'alaba na nufa. Hajiya Batula ta saurare ni, ta tafa hannu ta ce, "Ya salam! Ban ce maka ba?" Amma ba ta ƙara ko kalma a kai ba. Ta sa aka shimfiɗa mini katifa a ɗakin da take ajiye buhuna, ta ce wa 'ya'yanta ɗan ƙanwarta ne ya zo. Ya zama ba na leƙa ko ƙofar gida. In na ji jiniya sai in ɓuya bayan buhunan. Hadiza in ta kira, in ce mata aiki ne ya yi yawa.

Wata rana da hantsi Hajiya ta leƙo ta ce, "Tashi, ga wani Hindi yana nemanka, ya ƙi zama." Imran ne. Direban nan ɗan Nijar ya yi masa kwatance. Ya rame, idanunsa ja.

"Babana ya daina cin abinci," ya ce. "Tun ranar da ka tafi. Ruwa kawai yake karɓa. Na kawo wani mai jinya ya kore shi. Likita ya sa masa ƙarin ruwa ya fizge. Ya ce ba zai ci ba sai na je na faɗi gaskiya a gaban hukuma."

Mutumin da ke ɓoye shinkafa a matashin kai, shi ne ya rufe bakinsa saboda ni?

"Ya ce mini," Imran ya ci gaba, "kakana ya shiga kurkukun Turawa, ni kuma ina tsoron ofis mai sanyi da kujeru."

Muka tafi ofishin ƙwadago tare. Imran ya tsaya ya yi shaida cewa kamfanin ne ya turo ni gidansa, kuma ban taɓa fashin zuwa ba. Mai kantin ƙasan gidan ma ya zo ya faɗi haka. Jami'in ya karɓi ƙarar, ya ce za a bincika, kafin nan kada kowa ya taɓa ni. Daga can kai tsaye muka wuce Ruwais.

Da na shiga ɗakin ban gane shi ba. Fata ce kawai a kan ƙashi, leɓɓansa sun tsage. Ya buɗe ido ya dubi ɗansa.

"Ka faɗa?"

"Na faɗa, Abba."

Sai ya juyo gare ni. "Ɗana, yunwa nake ji."

Na dama masa kunu mai ruwa-ruwa, na riƙa ba shi da ƙaramin cokali. Na ce, "Baba, me ya sa ka yi wa kanka haka? Ai da ka bari, ni yaro ne, zan jure." Ya ce duk rayuwarsa koyar da abin da wasu suka yi yake yi, ya so ko sau ɗaya ya gwada da kansa.

An soke rahoton daga baya. Aka tilasta wa kamfanin ya dawo mini da fasfo, aka kuma ba ni izinin sauya wurin aiki, har na samu wani ƙaramin asibiti a kudancin gari, inda nake har yanzu. Amma na roƙi a jinkirta mini farawa, don jikin Baba bai sake komawa daidai ba. Ƙodarsa ta taɓu. Yana ci, amma ƙarfin bai dawo ba, darasi ma ya daina, sai dai ya riƙe hannuna yana kallon taga. Wata Juma'a da safe, ina goge masa fuska, ya yi kalmar shahada ya cika.

Bayan sallar Juma'a aka kai shi maƙabarta. Mutane kaɗan ne: abokan aikin Imran, mai kanti, da 'ya'yan Hajiya Batula maza da ta turo, ko da yake ba ta taɓa ganin tsohon ba. Rana ta take, ƙasa na ƙona tafin ƙafa. Da aka zo sa shi a kabari, mai kula da maƙabartar ya ce dangi biyu su shiga. Imran ya sauka. Aka tsaya ana dube-dube, don ba shi da wani ɗan'uwa a ƙasar. Sai ya ɗago daga cikin ramin, fuskarsa sharkaf da hawaye, ya miƙo mini hannu.

"Ɗan'uwa, sauko. Kai ka fi ni sanin yadda ake ɗaukarsa."

Na cire takalmina na sauka.